Sabon diski ya fara ƙas-ƙas, kuma bidiyon bikin mutane na ciki

Mai studiyo, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema cikin gaggawa. Na sayi had-diski mai tera 2 wajen wani mai shago kusa da Babbar Kasuwa, sabo a ledarsa, ya ce kayan Kano ne. Na sa shi a kwamfutar studiyo ina zuba hotuna da bidiyon bukukuwa. Bai yi wata ba ya fara ƙara, ƙas-ƙas, ya yi shiru, ya sake. In ina kwafe fayil, da fari gudun lafiya lau, can sai ya sauka har sifili, komai ya tsaya cak. Jiya foldar wani biki ta ƙi buɗewa sai da na kashe na kunna. Masu bikin ba su karɓi kayansu ba, katin kamara kuma an riga an yi wani aiki da shi. Yarona ya ce mu yi masa fomat ya dawo daidai. Mene ne abin yi?

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, ka riƙe hannun yaron nan. Ba fomat, ba chkdsk /r (umarnin Windows na duba diski), ba wani gwaji mai tsawo tukuna, domin fomat goge kayan zai yi, sauran kuma suna tilasta wa diskin ya karance kansa kaf, kuma diskin da ke ciwo yakan ƙarasa a tsakiyar irin wannan aiki. Nemo wani diski ko na aro ne, ka fara kwashe kayan mutanen da ba su karɓa ba, folda bayan folda. Fayil ɗin da ya maƙale ka tsallake shi, kada ka yi ta maimaitawa. In ka gama, ka sauke CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar diski, kyauta ce, ka turo mana abin da ta nuna a layukan 05, 09, C5, C6 da C7.

Ɗalibi a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:
Ni dai ina zargin waya. Nawa ya taɓa yin haka, na canza wayar SATA, shi ke nan. Yaya, ka duba kuma ko da irin mahaɗin nan mai arha ka ba shi wuta. In wutar ba ta isa ba, diski yana tashi yana faɗuwa, ƙarar kuwa iri ɗaya ce.

Mai studiyo, unguwar Zariya:
Na gode. Na samu diskin aro, yawancin kayan sun fita, bidiyo ɗaya ne ya ƙi, na ranar kai amarya. Manhajar ta nuna ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi. 05 sifili, C7 sifili, C6 yana 2, C5 da safe yana 8, yanzu yana 10. Zafi 51. Ai ƙarin biyu ba yawa ko?

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari:
Ba biyu ba ne, Malam. In ba ka taɓa saitinta ba, manhajar tana rubuta waɗannan lambobi da lissafin heksa ne, wanda 10 a cikinsa ke nufin 16. Wato daga safe zuwa yanzu ya ninka.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Faifan diski an yanka shi ƙananan gurabe da ake kira sekta. In diski ya je karanta wata sekta ya kasa, sai ya sa ta a jerin jira, shi ne C5. Ranar da aka sake rubutu a wurin, in ya zauna sai ya cire ta daga jerin, in bai zauna ba sai ya ba da wata daga cikin na ajiya, lambar 05 ta ƙaru. Tsayawar da kake gani diskin ne yake ta sake gwada wuri ɗaya, ƙarar kuma hannun da ke karatu ne yake komawa mazauninsa ya sake fitowa.

Maganar ɗalibinmu ba banza ba ce, amma da waya ce matsalar, a C7, layin da ke ƙirga kuskuren wayar SATA, za mu gani, ga shi sifili. Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu ma tana iya barin sekta ɗaya ko biyu a jira ba tare da faifan ya lalace ba, irin wannan kuwa tsayawa take inda take. Taka hawa take yi, ga ƙara a kai. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da bincike kan diskinsu fiye da 100,000, suka ga wanda ya nuna kuskuren karatu na farko a binciken faifai ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Sabon diski kuma bai fi ƙarfin wannan ba. Mai aibi daga masana'anta, ko wanda ya sha jifa a mota tsakanin Kano da Ɗan Isa, a watanninsa na farko yake nuna hali.

Wani ɗan ƙungiya:
A sa shi a leda a jefa firiza ya kwana. Mun sha jin yana tashi.

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari:
Don Allah a'a. Ka fito da ƙarfe mai sanyi cikin zafin Maraɗi, raɓa ce za ta kwanta masa ciki da waje, ka kunna ka ƙarasa shi.

Hajiya mai shagon buga takardu, Ali Ɗan Sofo:
Ɗana, ban ji kowa ya yi maganar mai shago ba. Ka ɗauki hoton allon nan da wayarka yau, yadda lambar diskin za ta fito, ka haɗa da takardar saye ka je masa tun maganar tana da ɗumi. Kafin ka je, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi ka sa lambar da ke jikin takardar da aka manna masa, za ka ga ko garantin yana aiki da ranar ƙarewarsa. Ka kuma duba shekarar ƙira. Leda a rufe ba shaida ba ce, ana sake naɗe tsoho.

Abin da ya fi damuna: hotunan matan mutane ne a ciki, na lalle, na cikin ɗaki. In ka mayar da shi haka nan, ba ka san hannun da zai faɗa ba. Gogewa ta yau da kullum ba ta isa, yaro mai manhaja zai dawo da su cikin awa guda.

Ɗalibi a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:
Hajiya ta yi gaskiya kan sake naɗewa. A farkon 2025 an bankaɗo a Jamus cewa wasu dillalai na sayar da tsofaffin diskin Seagate a matsayin sababbi, an mayar da lissafin awowinsu sifili, sai a wani kundi na daban da ake kira FARM aka ga ainihin awowin. Don haka 09, layin awowin da diski ya yi a kunne, ta nuna kaɗan ba hujja ba ce, amma in ta nuna dubbai, magana ta ƙare.

Mai studiyo, unguwar Zariya:
Allah ya saka da alheri, Hajiya, wallahi hankalina bai kai can ba. 09 ta yi daidai da zamansa a wurina. To bidiyon kai amaryar fa? Rabinsa yana kwafuwa ya tsaya.

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari:
Kashe kwamfutar ka cire shi, kada ya ci gaba da juyawa a banza. Kawo shi gobe da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka naɗe shi a tsumma mai kauri, kada ka sa shi a akwatin babur. Zan haɗa shi da Linux in ja shi da ddrescue, wadda ke kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna sannan ta dawo kan masu wuya, in wuta ta ɗauke kuma ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sekta 16 ba su wuce kilobait 64 ba, wataƙila hoton ya ɗan karce na daƙiƙa ɗaya, amarya ba za ta lura ba. In ya fita, sai mu rubuce diskin da sifili daga farko har ƙarshe saboda maganar Hajiya. Hakan na iya mayar da C5 sifili, shi ya sa hoton allon na yau yake da muhimmanci, kada mai shago ya ce lafiyarsa ƙalau. Wanda za a musanya maka kuma, ka bar shi ya yi dogon gwajin SMART, wato gwajin da diski ke yi wa kansa, kafin ka zuba komai, ka sa fanka a gabansa, 51 ya yi kusa da 60 ɗin da yawancinsu ke iya ɗauka. Ka zo da diskin aron ma, a kansa za mu sauke bidiyon.