Kunnen Baba ya ƙi warkewa, an ce a ɗebi nama a gwada

Maman Ilham:
Salamu alaikum jama'a. Mahaifina ɗan shekara 67 ne, wata bakwai ke nan kunnensa na dama yana zubar da ruwa. Mun ɗauka mugunya ce irin ta ciwon kunne, muka yi ta sayen maganin ɗigawa a kemis. Yanzu in na je gyara masa shimfiɗa da safe sai in tarar da jini-jini a matashin kai. Da dare ba ya runtsawa, sai ya zauna ya dafe kunnen yana salati. Shekaranjiya likita ya leƙa ya ga wani jan tsiro a cikin ramin kunnen, ya ce sai an ɗebi ɗan nama an kai gwaji. Baffa ya hana, wai in ƙarfe ya taɓa ciwon daji bazuwa yake yi. Don Allah a yi ko a bari?

Nas Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam. A yi, Maman Ilham, kada a ɓata lokaci. Ɗibar naman ba ta baza ciwon, jinkiri ne ke ba shi fili. Dajin fatar ramin kunne ba kasafai ake ganinsa ba, kuma yana shigowa da kamannin ciwon kunne na yau da kullum, shi ya sa ake makara. Baba yana da sukari? Tsofaffi masu sukari suna kamuwa da wani mugun ciwon ƙwayoyin cuta mai cin ƙashin kunne, alamunsa kusan ɗaya ne, gwajin ne zai raba gardama. Za a buƙaci hoton CT a ga ko ya taɓa ƙashi.

Maman Ilham:
Ba shi da sukari. Amma jiya da yana alwala na ga ruwa na zuba ta gefen bakinsa na dama.

Nas Abu Sadiq:
Ki faɗa wa likitan wannan gobe-gobe. Jijiyar da ke motsa fuska ta cikin ƙashin kunne take bi.

Yaya Talatu:
Ƙanwata, na ga wannan a kan mijina. An cire masa ramin kunnen da ƙashin da ke kewaye, sannan aka yi masa gashin na'ura mai ƙona ciwon daji kusan sati shida. Kunnen ya daina ji, amma ga shi nan yana zuwa gona. Ki kai Baffa gaban likitan ya ji da kunnensa, ya fi ki yi ta musu da shi a gida.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Na kira Baffa, ya ce zai raka mu ranar Litinin. A sa Baba a addu'a.