Kare a gidan abinci: a bari ya shiga ko ya tsaya waje?

Nasiru: Salamu alaikum jama'a, ku raba mu gardama ni da Yaya Luba don tun jiya muke abu guda. Wani baƙo ya zo gidan abincinta na unguwar Gesse a Birnin Kebbi da ɗan karensa riƙe da sarƙa, ta sa yara suka tsaida shi bakin ƙofa aka zuba mai abincin ya tafi da shi mota. Ni maganata ita ce karen da ake kiwo a gida, ana mai allura duk shekara ana mai wanka, yana hannun mai shi, babu wani dalili na tsafta da zai sa a hana shi zama. Ku zaga wuraren cin abinci na Birnin Kebbi ku gani, mage na bin ƙafafun mutane, kaji na tsattsagar shinkafa ƙarƙashin benci, wani wurin har akuya ke leƙo kai, babu mai cewa uffan, sai kare ne kawai za a ce ƙazanta?

Hajiya Luba: Wa alaikumus salam. Nasiru kai da ke zaune Abuja ba ka san mi ad da akwai ba cikin sana'ar ga. Ni ban wulaƙanta mutumin ba, hasali ma ni da kaina nib ba shi haƙuri. Amma lokacin ɗakin cike yake da ma'aikata da sunka taso sakatariya, akwai wasu dattijai guda biyu da sunka shigo da alwalarsu suna jiran la'asar, da sunka hango karen sai ɗayan yat tattare babbar rigarshi yad ɗora ta bisa cinya, ɗayan ko yad daina cin abincin ɗungurungum. In na bar kare guda ya shiga, gobe duk garin ga za a ji cewa gidan abincin Luba karnuka na cin abinci da mutane, kuma ba mai tsayawa ya tambayi ko yana da allura. Ni da yaran aiki shida da kuɗin haya a kaina.

Nasiru: To kin ga kin faɗa da bakinki Yaya, tsoron surutun mutane ne, ba tsafta ba.

Hajiya Luba: Surutun mutane shi na kasuwa ai. Kuma najasa fa? Ka manta?

Malam Bello: Hajiya bari in sa baki nan, don ana yawan cakuɗa abu biyu. A mazhabar Imam Malik da muke bi a ƙasar nan, kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne, yawunsa ma haka, duk mai rai a wajen Malikiyya tsarkakakke ne. Hadisin da ya ce in kare ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau 7 ingantacce ne, yana Bukhari da Muslim, amma malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bauta ce aka umarce mu da ita, ba don yawun najasa ne ba, kuma suna kafa hujja da aya ta 4 a Suratul Ma'ida da ta halatta cin abin da karen farauta ya kamo, alhali da baki yake kamowa. Shafi'iyya da Hanbaliyya su ne suka ce najasa ne mai kauri, sai an wanke sau 7 ɗaya da ƙasa. Don haka dattijon da ya tattare riga, in kare ya goge shi alwalarsa ba ta karye ba, rigarsa ma tana nan da tsarkinta a wajenmu. Fitsarinsa da kashinsa kuwa najasa ne ba gardama.

Nasiru: Allah ya saka da alheri Malam, shi ke nan magana ta ƙare.

Malam Bello: Ba ta ƙare ba Nasiru, kada ka ɗauki rabin da ya yi maka daɗi ka gudu. Tsarkin jikinsa daban, hukuncin ajiye shi daban. Annabi SAW ya ce wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi, wato wani ma'auni na lada, a ladansa kullum, a wata ruwaya ƙiraɗi biyu, ga kuma hadisin mala'iku ba sa shiga gidan da kare yake. Malamai sun shigar da gadin gida cikin uzuri in akwai buƙata. To karen da aka ɗauko aka zo da shi cin shinkafa, me yake gadi a wurin? Ni ban ce a cutar da shi ba, mutum ya samu gafara don ya shayar da kare ruwa, wannan ma hadisi ne. Amma Hajiya Musulma ce, wurin nata ne, yaranta a nan suke shimfiɗa tabarma su yi salla, tana da cikakken haƙƙi ta ce a'a.

Dakta Hauwa'u: Ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Yaya Nasiru yana da gaskiya a abu ɗaya, cututtukan da suka fi kwantar da mutanenmu ta hanyar abinci, taifot da amai da gudawa, ba kare ke kawo su ba, ruwa ne mara kyau da ƙuda da hannun da ba a wanke ba. Karen da ke kwance ƙarƙashin tebur bai kai mai girkin da ya fito ban ɗaki bai taɓa sabulu ba haɗari. Mage ma da ake ganinta salihar baiwa tana ɗauke da nata, akwai ƙwayar cutar da ke cikin kashinta mai illa ga mai juna biyu, kuma ita ma tana kamuwa da ciwon haukan kare.

Inda na rabu da shi shi ne wannan kalmar ta "ana mai allura". Wa zai tabbatar? Yarinyar da ke kai faranti ce za ta tsaya ƙofa tana duba katin rigakafi? Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomi sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa yana fizge-fizge, kusan babu mai tashi. Ana buƙatar a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura kafin a ce an karya lagon cutar, ni kuwa da nake yawo ƙauyukan Zuru da Yawuri na san sau nawa ake kawo mani kare in tambayi kati a tsaya ana kallona. Ga kaska, ga tsutsar ciki, ga masu asma da gashin ke tayar musu.

Fa'iza: Ina wuni Kawu, ina wuni Malam, sannunku duka. Tunda ana ta cewa a Turai haka ake, bari in faɗi abin da nake gani a nan Ingila. Babu dokar da ta tilasta a bar karen gida ya shiga gidan abinci, babu kuma wadda ta hana, mai wuri ne ke zaɓa, wasu za ka ga sun manna takarda a ƙofa ana maraba da karnuka har da kwanon ruwa a waje, wasu sun rubuta ba a shiga da su kuma ba wanda ke jin haushi. Abin da doka ta tsananta a kai shi ne kada dabba ta kusanci inda ake dafawa ko ajiye abinci. Amurka ma ta fi nan tsauri, a yawancin wurare karen gida ba ya shiga cikin ɗakin cin abinci, a ƙa'idojin hukumar abinci tasu na 2022 ne aka fito fili aka ce ana iya barinsa a kujerun waje in hukumar yankin ta yarda. To kun ga abin da Anti Luba ta yi ko a Landan ba laifi ba ne.

Wanda ba a isa a hana ba shi ne karen da ke yi wa makaho jagora, a nan Ingila dokar daidaito ta 2010 ta kare shi, an sha cin tarar direbobin tasi saboda sun ƙi ɗaukar makaho da karensa. A 2008 ma wani masallaci a garin Lesta na nan Ingila ya keɓe wa karen wani saurayi makaho wuri a bakin shiga, yana jiransa har ya idar da salla.

Malam Bello: Wannan lalura ce Fa'iza, kuma ta fi farauta ƙarfi, ban ga malamin kirki da zai hana ba.

Hajiya Luba: Makaho kam ko ni ba ni hana shi, sai dai in ba shi teburin gefe. Amma mu nan yaro ka ja ma makaho sanda, ban taɓa ganin mai kare ba.

Kawu Garba: Kun gama? To ku saurara ɗiyana. Ni na tashi Argungu cikin mahalba, gidanmu ba a taɓa rasa karnuka ba, kuma ba wanda yaf fi mahalbi son karenai, in yaj ji ciwo a daji bisa kafaɗa aka ɗauko shi. Fulani na rugga haka. Yau ga ƙauyukkan da ɓarayi sunka dama, nan Kabi da can Zamfara, sau da yawa haushin kare shi ka tada mutane tun kafin a iso musu. Don haka kada wani ya ce Bahaushe bai san darajar kare ba. Amma duk son da muka yi mai, kare na da kaskonai can gindin rumbu, in an gama cin tuwo a kai mai saura, bai taɓa hawa tabarma ba kuma shi kanshi ya sani. Abin da Nasiru bai duba ba, Bature bisa tebur mai tsawo shika ci da cokali, kowa da farantinai, kare na can ƙasa. Mu fa? Tafi wurin mai tuwo bakin kasuwa ko tashar Jega ka gani, tabarma ce ko ɗan benci gajere, kwano na ƙasa tsakanin ƙafafu, mutum ukku huɗu sun sa hannu cikin tire guda, ga kwanon wanke hannu a gefe. Bakin kare da bakin kwano tsawonsu ɗaya. Ya kaɗa bindi gashi cikin miya, ya juyo ya lashi ruwan wanke hannu, to wa ka iya ci gaba da ci?

Nasiru: Kawu Allah ya ja kwana, wurin mai tuwo na yarda, ban ma kawo shi a lissafi ba. Amma wurin Yaya teburi ne da kujeru, kuma tana da fili a waje ƙarƙashin dogon yaro inda ake aje babura. Me zai hana ta sa tebur biyu can? Garin nan baƙi na shigowa, masu aikin shinkafa, 'yan bautar ƙasa daga kudu, in an yi bikin kamun kifi na Argungu har Turawa ke kwana Birnin Kebbi. Ba kowa ne Musulmi ba, ba kowa ya tashi yadda muka tashi ba, kuma kuɗinsu kuɗi ne.

Dakta Hauwa'u: Waje ni ban ƙi ba, da sharaɗi. Sarƙa gajera a hannun babba ba yaro ba, kada ya hau kujera, kada a ba shi komai a kwanon gidan, mai shi ya zo da nasa, in babba ne a sa mai takunkumi, kuma mai kai abinci kada ta shafa shi.

Musa mai shayi: Dakta waɗannan sharuɗɗan a takarda suke da daɗi. Ni teburina waje yake gaba ɗaya, kusa da mai tsire, daga sha ɗayan dare karnukan unguwa ke taruwa suna jiran ƙashi. Ranar da kare mai sarƙa ya zauna a wurin su kuma suka hango shi faɗa ne zai kaure a tsakiyar kwastomomi, ga tukunyar ruwan zafi ga kaskon suya ga almajirai ƙanana suna jiran ragowar biredi. Kuma yaya zan ce wa mafarauci naka kada ya matso, na mai mota ya zauna? Gari ɗaya muke, gobe ma zan gan shi.

Hajiya Luba: Ka ji ko Nasiru. Kuma filin da kaka magana nan yaran makarantar allo ka zama da robobinsu da rana, in kare yac ciji ɗan mutane ni za a kai wurin 'yan sanda ba mai karen ba, shi ya tada mota ya wuce.

Nasiru: Wanda aka horar ba ya cizo haka kawai Yaya. Ni har yanzu ina kan bakana, in za a bar mage da kaji a wurin to hujjar tsafta ta faɗi, gara a fito a ce al'adarmu ce ba ta ɗauka.

Dakta Hauwa'u: Mage da kajin ma a fitar da su, duba-gari na gaskiya ba zai bar ko ɗaya a inda ake girki ba. Kuma kowane kare na iya cizo in yaro ya ja mai bindi ko ya taka shi. Musa tunda kai ne ke cikinsu kullum ka riƙe wannan, in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ko da na gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, kada a ɗaure kada a tsaya shafa toka ko gashin karen, a wuce asibiti ranar a fara allura, kada a jira a ga ko karen zai haukace.

Musa mai shayi: To in mai karen ya nuna kati fa, sai an yi allurar?

Dakta Hauwa'u: A je dai asibitin da katin, likita ne zai yanke, kuma a tsare karen kwana 10 ana lura da shi.