Babur ɗin mahaifina ya shekara huɗu a ɗaki, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Honda CG125 a gidanmu na unguwar Birni, nan Damagaram. Tun rasuwarsa, shekara huɗu ke nan, babur ɗin na jingine a ɗakin da ke bayan zaure, an lulluɓe shi da tabarma. Da aka raba gado ya faɗo a rabona. Da shi Baba yake zuwa Mirya duk mako, a bayansa na girma, shi ya sa zuciyata ba ta yarda in sayar ba. Jiya na fito da shi: tayoyi sun kwanta, tanki yana wani irin wari mai tsami, kiki kuma da na ɗan taka da hannu ya yi tauri. Ƙanena ya ce mu zuba mai mu tura shi a gangara, zai tashi. Ni dai ina tsoro. Me ya kamata in fara yi?

Wani makaniki daga Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ƙanena, don Allah kada ku tura babur ɗin nan, kada kuma ka sake taka kiki da ƙarfi. Shekara huɗu baƙin mai ya tsiyaye ƙasa, silinda ta bushe, wataƙila ringi ya kama. In kuka tilasta shi, ringi zai karye ko ya karce silinda, aikin ƴan jikkuna ya koma na dubbai masu yawa. Kwance buji, ka zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin, ka bar shi kwana biyu. Sannan ka riƙa taka kiki a hankali da hannu, bujin a cire. In ya fara juyawa sumul, ka gode wa Allah, injin bai kama ba.

Warin da ka ji tsohon mai ne. Esans in ya daɗe, musamman a zafinmu na Damagaram, mai sauƙin yana tashi ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Shi ke toshe ƴan ƙananan ƙofofin karbireta. Sai an kwance ta an wanke an hure. Kada yaro ya sa maka waya yana tsokalar jikiler, wato ƴar ƙofar da mai ke bi, faɗaɗa ramin yake, daga nan babur ya dinga shan mai har abada. Tankin kuma ka juye shi ka haska tocila ciki. In akwai tsatsa, a zuba kananzir da ƴan notoci a girgiza sosai, a wanke, a shanya. Tiyon mai ka canza shi kawai, ba shi da tsada.

Wani ɗan kabu-kabu:
Gaskiya yayana, ni da kai ne sayarwa zan yi in ƙara kuɗi in ɗauki sabo. Kayan gyaran na China sun cika Kasuwar Dole, amma na asalin Honda sai ka sha yawo, wani lokaci sai an aiko daga Kano.

Makanikin ya sake cewa:
Ban yarda da kai ba a nan. CG an ƙera shi ne tun 1975 saboda ƙasashe irin namu, inda hanya ƙura ce kuma ba kowa ke kula da inji a kan lokaci ba. Yawancin baburan China da kuke hawa ma zubin injinsa aka bi, shi ya sa kaya da dama suna shiga. Wanda ya san hannu zai gaya maka wanne ya dace.

Wani dattijo daga Zango:
Ɗana, ka yi kyau da ka riƙe abin mahaifinka. Abu ɗaya zan ƙara da ba a faɗa ba. Nawa ya taɓa yin shekara biyu a ajiye lokacin da na yi jinya. Muka wanke komai, ya ƙi tashi, kwana uku muna fama. Ashe zanzaro ne ya yi gini a cikin salansa, wato bututun hayaƙi, ɓera kuma ya yi sheƙa a akwatin iska ya cinye soson. Ka duba waɗannan biyun, ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ka ga ko an gwaguya. Soson iska kam kada ka yi wasa da shi. Ƙurar hunturu in ta shiga inji, kamar yashi take ci.

Wata malamar makaranta mai hawa babur:
Yaya, kowa na maganar inji, ni tayoyi da birki ne damuwata. Ko sun ɗauki iska kada ka amince da su. A gefen taya akwai lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga tsage-tsage a gefe, canza har da tub. Wayar birki da ta kuloci a sa musu mai, in sun fara tsinkewa a sake. Takardu ma ka sabunta, kart giriz, wato takardar mallakar babur, ta koma sunanka, ka yanki asirans kafin ka hau kwalta.

Makanikin:
Gaskiyarki Malama. Saura baƙin mai: a juye tsohon, a wanke ƴar rariyar da ke gefen hagu na injin, a zuba sabo wajen lita ɗaya, 20W-50 na babur, don kulocinsa a cikin mai yake wanka. Sabon buji, sabon batir. In ya tashi kada ka murɗa wuta, bar shi ya yi ɗumi. Kulocin zai iya mannewa, don haka ka riƙe birki sosai kafin ka sa giyar farko. Bayan ƴan kwanaki ka sake juye man, zai fito da dattin da ya kwanta. Esans kuma ka sha a gidan mai, na kwalba a bakin hanya wani lokaci da ruwa ko ƙasa a ciki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Zango, na leƙa salansa da magariba, wallahi ginin zanzaro ne cike. Na cire buji na zuba man kamar yadda aka ce, na hana ƙanena taɓa shi. Malam makaniki, jibi in kiki ya saki zan ɗoro shi a amalanke in kawo maka, a gabana nake so a kwance karbiretar don in koya.