Wa ya kamata ya ƙera jirgin da muke hawa? Muhawarar zauren 'yan Garwa

Nuhu: Salamu alaikum iyaye da yayye. Ga maganar da ta tsaya mini a rai. Tun 2008 Airbus ke harhaɗa jirgin A320 a Tianjin ta China, Boeing ma ya buɗe wurin ƙarasa jirgin 737 a Zhoushan, can China, a 2018. Ni a ganina bai dace a kai wa China wannan aiki ba. A watan Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsare 'yan Uigur da ake yi a Xinjiang na iya zama laifi a kan bil'adama. Wanda bai ji tausayin ɗaurarre ba, ina zai ji na fasinja? A bar aikin a Amurka, inda fursuna ke da lauya da gado da abinci.

Kawu Sale: Wa alaikumus salam. Nuhu ɗana, gwano ba ya jin warin jikinsa. Mutum kusan miliyan 2 ne a tsare a Amurkan da kake yabo. Gyaran tsarin mulkinsu na 13, na shekarar 1865, ya hana bauta, amma ya bar ƙofa a buɗe: sai fa in hukunci ne a kan mai laifi. Gwamnatin tarayyarsu na da kamfani sukutum, UNICOR, tun 1934, fursunoni ne ma'aikatansa. Ƙaramin ladan awa guda santi 23. Santin dalar Amurka nake nufi, kada wani ya ɗauka dalarmu ce ta sefa biyar. In ka canja bai kai sefa 150 ba, kuɗin ƙosai da kunu.

Nuhu: To Kawu, a ina kuka samu wannan lissafi? Su da kansu suka buga shi. Ku kawo mini adadin waɗanda China ke zartar wa hukuncin kisa a shekara. Sirrin gwamnati ne.

Ali Njamena: Ni dai kada a yi mini zancen lauya da gado. Muna da ɗan Chadi, Mohammed el Gharani, haifaffen Saudiyya. Yana yaro aka kama shi a Pakistan, aka kai shi kurkukun Amurka na Guantanamo a 2002. Sai 2009 ya sauka Njamena, ba a taɓa yanke masa hukuncin komai ba.

Nuhu: Alƙalin Amurka ne ya ba da umarnin a sake shi, Yaya Ali.

Ali Njamena: Bayan shekara bakwai. Ya shiga ba gemu, ya fito da shi.

Ɗanladi Makaniki: Ku tsaya, kun haɗa kaza da kwando kuna ciniki. Ni ƙarfe na sani. Ranar 5 ga Janairun 2024 wani murfin ƙofa ya fice daga jikin 737 MAX na Alaska Airlines ana cikin sama. A Malesiya aka ƙera murfin, wani kamfani daban a Wichita ta Amurka ya yi gangar jikin, shi ya sa da farko kowa ya ce ai ga sakamakon raba aiki. Da aka bincika sai aka ga a masana'antar Boeing ta Renton aka buɗe murfin don wani gyara, aka mayar da shi ba a ɗaure noti huɗun da ke riƙe shi ba. Noti huɗu! A garejina in yaro ya cire taya, kwano nake ba shi ya zuba notin a ciki, kuma mota ba ta fita sai na leƙa na ga kwanon wayam. Wannan ba ruwan China, ba ruwan fursuna. Haka jirgin Habasha da ya faɗi a Maris ɗin 2019 da mutum 157, manhajar da Boeing ya sa wa jirgin ce ta riƙa danna hancinsa ƙasa.

Kawu Sale: Allah ya yi maka albarka Ɗanladi. Ga shi China ta fara ɗaukar fasinja da nata jirgin, C919, tun Mayun 2023.

Ɗanladi Makaniki: Kada ku yi saurin sa mini albarka Kawu. Injin C919 ɗin na kamfanin CFM ne, haɗin gwiwar Amurka da Faransa. Kuma raba aiki yana da nasa ciwon kai. Jirgin 787, fukafukansa daga Nagoya ta Japan, wani sashen jikinsa daga Italiya, an yi wa masu saye alkawarin 2008, bai shiga hannunsu ba sai 2011. Araha ba ta ado. Amma Japan da Italiya ne fa, ba wanda ya ce fursuna ne ya ƙera.

Malam Iliyasu: Na karanta duka tun daga sama, bari tsoho ya sa baki. Nuhu, maganarka biyu ce ka ɗaure da igiya ɗaya. Ta farko, ko jirgin zai yi ƙwari. Ɗanladi ya gama da wannan, ba ni da ƙari. Ta biyu, ko ya halatta a ci riba da gumin wanda aka tilasta. Wannan ita ce mai nauyi, kuma ba ta san tuta ba.

Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 29, ta 1930, ba ta hana fursuna aiki ba. Ta ce dai sai wanda kotu ta yanke wa hukunci, hukuma ce za ta sa masa ido, kuma ba za a ba da hayarsa ga ɗan kasuwa ba. Abin dariya, China ta amince da ita a 2022, Amurka har yau ba ta amince ba. Amma ita Amurkan tun 1930 take da dokar hana shigo da kayan da fursunonin wata ƙasa suka yi, alhali nata suna aiki a gida. A jihar Washington, inda manyan masana'antun Boeing suke, a 2004 kotun ƙolin jihar ta taɓa hana kamfanoni kafa sana'a cikin kurkuku suna mora da fursunoni.

Kai kuma Alhaji Sale, abokina ne kai tun muna yara, zan faɗa maka. Laifin Amurka ba ya wanke China. Har zuwa 2013 ɗan sanda a can na iya tura mutum sansanin gwale-gwale na shekaru ba tare da ya ga alƙali ba. Mutanen Xinjiang kuma masu salla ne kamarmu. Na san kwantenarka daga Guangzhou take zuwa, amma kada ta rufe maka baki. Sa hannu a takarda daban, barin mai bincike ya shiga masana'anta ya yi magana da lebura ba ɗan rakiya daban. A nan Nuhu ya fi ka gaskiya.

Kawu Sale: Malam, kwantenata ba ta shiga zancen nan ba. Abin da na ƙi shi ne mai tsoron rasa aikinsa ya fake da tausayin fursuna. Ai a Kasabalanka ma ana haɗa wayoyin jirgi tun 2001, Boeing na da hannu a kamfanin. Wa ya taɓa tambayar yadda kurkukun Maroko yake? Sai da China ta zama kishiya aka tuna da ɗaurarru.

Malam Iliyasu: Wannan kam ka faɗi gaskiya. Amma mugun nufin mai kawo ƙara ba ya mayar da ƙarar ƙarya.

Yaya Hajara: Ku gafarce ni Malam, ban saba magana a nan ba. Ina ta karanta Amurka, China, ina dariyar takaici. Ƙanena yana tsare a wani gidan yari a nan arewa, ba zan faɗi garin ba. Shekara biyu da wata uku yana jiran shari'a kan rigimar babur. Talata da Juma'a nake kai abinci. Na daina yin miyar yauƙi, don sai an caccaka tuwon da cokali a bakin ƙofa, kafin ya isa hannunsa ya zama kunu. Yanzu dambu nake yi da garin rogo da ƙuli, su ne ke kwana. Kwanon mutum ɗaya nake kaiwa, su shida ke ci, saboda sauran ba mai zuwa musu. Ya ce mini da dare a gefe ɗaya ake kwanciya, in za a juya sai a juya tare. Ƙazuwa ta cinye masa tsakanin yatsu. Da na ji Kawu ya ce ana biyan fursuna kusan sefa 150 a awa, wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne, da ya samu ya sayi sabulu.

Nuhu: Subhanallahi. Yaya, ban sani ba. Allah ya fito da shi.

Ali Njamena: Amin. Mu ma haka ne. A Afrilun 2020 tsararru 44 suka mutu a ɗaki guda a Njamena. Bayan zanga-zangar 20 ga Oktoban 2022 kuma aka kwashi ɗaruruwa zuwa kurkukun Koro Toro, can cikin hamada, inda uwa ba ta isa ta kai kwano ba. Da ma'aunin Nuhu za a bi, ko taya ba za a ba mu mu ƙera ba.

Malam Iliyasu: Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta rubuta a 2015 cewa kurkukun Marwa, wanda aka gina don mutum 350, na ɗauke da fiye da 1,200. Ƙa'idojin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a wannan shekarar sun ce ciyar da fursuna aikin hukuma ne, kuma a raba mai jiran shari'a da wanda aka yanke wa hukunci. Hajara 'yata, dokar shari'ar laifuka ta Kamaru ta ce tsarewar da alƙali mai bincike ke ba da umarninta wata 6 ce, in an ƙara kan babban laifi ba ta wuce wata 18 gaba ɗaya. Sai a duba ko an riga an miƙa shi gaban kotu, don lissafin yana canjawa. Kina da takardar tsarewar?

Yaya Hajara: Akwai wata da Faransanci, tana cikin akwatin Inna.

Nuhu: Ni fa har yanzu ban janye kan Xinjiang ba. Na janye dai zancen a bar wa Amurka don ta fi tausayi.

Kawu Sale: Ni ma ban janye ba, kishi ne ya sa su magana.

Malam Iliyasu: Ku ci gaba, dare na da tsawo. Hajara, ki ɗauki hoton takardar gaba da baya ki turo mini ni kaɗai, kada ki sa a nan. Akwai tsohon ɗalibina lauya, gobe bayan azahar zan je wurinsa.

Ɗanladi Makaniki: Yaya Hajara, Juma'a ki bar hawa babur da kwanon nan. Ƙarfe nawa ake buɗe ƙofar?