Mastas a zanen jiragen ruwa masu gudu, wace makaranta zan nufa?

Ɗan_Yawuri:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Makanikal na karanta, na yi bautar ƙasa a Fatakwal, to a can ne abin ya shiga raina, kullum ina kallon jiragen nan masu kai ma'aikatan mai cikin teku yadda suke keta ruwa, ni da na tashi ban san komai ba sai kwale-kwalen katako na bakin kogi. Yanzu so nake in yi mastas a zanen jirgin ruwa amma masu gudu, ba manyan nan na dakon kaya ba. Na leƙa Southampton da Delft da Michigan da wata wai ita Stevens, kaina ya kulle wlh. Wacce ta fi? Kuma suna ɗaukar wanda bai yi digirin farko a fannin ruwa ba?

Tsohon_Matuƙi:
Wslm ƙanena. Ɗan makanikal suna ɗauka, in dai lissafinka da darasin motsin ruwa sun yi kyau a takardar sakamako. Amma ka bar zancen wacce ta fi tukuna, wane irin jirgi kake son zanawa? Babban jirgi ture ruwa yake yi ya wuce, shi kuwa ƙarami mai gudu in ya ɗau wuta ɗagowa yake ya riƙa sulɓi a saman ruwa, lissafinsu ba ɗaya ba ne sam. Hanyar lissafin da har yau ake fara ƙiyasin irin wannan jirgi da ita Daniel Savitsky ne ya fitar a 1964, kuma a ɗakin gwajin Davidson na Stevens ɗin nan da ka ce "wata" ya yi aikinsa, tana Hoboken, kogi ne kawai tsakaninta da birnin New York. Ƙarama ce amma a wannan fanni ba a raina ta.

Southampton ta Ingila shekara 1 ce, suna da tankin gwaji mai tsawon mita 138 inda ake jan samfurin jirgi a auna, sai dai ka sani zuciyarsu ta karkata sosai ga jiragen tsere da na shaƙatawar masu kuɗi. Ni da ni ne kai, da abin da ka gani a Fatakwal, Delft zan nufa a Holan. Shekara 2 ce, ka samu lokacin yin bincike na gaske ba na gaggawa ba. Ka tuna jiragen da gabansu yake tsaye cak, siriri kamar bakin gatari? A Delft aka ƙirƙiro shi, Lex Keuning tare da kamfanin ƙera jiragen ruwa na Damen. Dalili kuwa, a teku mai igiya ba inji ne ke hana gudu ba, mutanen ciki ne, jirgin ya tashi ya faɗo ya daki ruwa bam, ƙashin baya ya amsa, dole matuƙi ya sassauta. Bakin gatarin yanka igiyar yake yi maimakon hawa kanta, sai dukan ya ragu.

Maman_Biyu:
Duk gaskiya ne Baba Matuƙi amma ba ku taɓo kuɗi ba. Delft ga wanda ba ɗan Turai ba kuɗin makaranta ba wasa, kuma shekara 2 za ka ci abinci ka biya haya. Nowe ma da ake gudu can saboda kyauta, a 2023 suka sa wa 'yan waje kuɗi, duk da jami'arsu ta Trondheim gwanaye ne. Ka sa ido kan tallafin karatu na PTDF (asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya) da na Commonwealth tun yanzu. Sannan Amurka, yawancin binciken jirage masu gudu sojan ruwansu ne ke zuba kuɗin, wani aikin ba a barin baƙo ya taɓa, to ka tura wa malamin imel ka tambaye shi ƙarara ko ɗan Najeriya zai iya shiga aikinsa kafin ka biya kuɗin fom. Ingila kuma ka duba ko kwas ɗin na buƙatar takardar ATAS, wato izinin gwamnatinsu ga baƙi kan wasu kwasa-kwasan kimiyya da fasaha, tana cin lokaci kafin biza.

Bakano_a_Legas:
Bahaushe da teku kuma, ikon Allah 😂 ka dai iya iyo ko? Ba wanda ya ambaci Ostireliya, alhali Incat da Austal masu ƙera manyan jiragen fasinja na alminiyom masu gangar jiki biyu a haɗe gefe da gefe can suke, ga kwalejin harkar teku a Launceston ta Tasmaniya.

Ɗan_Yawuri:
Hhh malam a Kogin Kwara na koyi iyo tun ina firamare. Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Matuƙi wlh jiragen masu bakin gatarin su nake nufi, ban ma san suna da tarihi ba. Aunty zan fara tura imel ɗin satin nan. Tambaya ɗaya ta rage, kafin in tafi gara in zauna in koyi manhajojin zane na Rhino da Maxsurf ne ko in fara da CFD, wato lissafin motsin ruwa a kwamfuta?