Dubu 70 da Kwanon Awo: Musayar Baituka

Malamin Firamare:
Salamu alaikum jama'a. Na buɗe fage a kan mafi ƙarancin albashi, amsa-amo "wa" ne, mai shigowa ya riƙe.

Dubu 30 na Buhari tun 2019,
Shekara biyar muna ta lallaɓawa.
Yulin 2024 Tinubu ya sa hannu,
Dubu 70, gidana aka yi ta shewa.
Kano ta ɗora dubu ɗaya a kai,
Yara sun sami takalmin sawa.
Na rage bashin mai shago da rabi,
Wanda ya ce banza ne bai san yunwa.

Mai Shagon Bakin Kasuwa:
Malam, rabin nan ni ne shaida,
Ɗayan yana littafi yana jiran cikawa.
Tun kafin alat ya faɗo wayarka,
Dila ya bugo min, kaya na hawa.
Tallafin mai ya tafi a Mayun 2023,
Litar da ba ta kai 200 ba, sai da ta wuce dubu, babu tsayawa.
Ƙarshen 2024 buhun shinkafa guda
Ya fi sabon albashin, kowa na ganewa.
Mai awon kwano ya koma gwangwani,
Ni ma ribar sai dai ƙirgawa.

Baba Tsohon Akawu:
Yara, na ga ƙarin albashin Udoji zamanin Gowon,
An ba mu ariyas muka yi ta facaka da rawa.
Wannan rediyo, wancan sabon babur,
Kafin mu farga kasuwa ta gama lashewa.

Inna Mai Ƙosai:
Baba, ku dai kun ga abin lashewar,
Ni wa zai ƙara min, ina gaban kasko tun wayewa?
Wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba
Doka ta tsallake shi, ba tilastawa.
'Yata na koyarwa a ƙaramar makarantar kuɗi,
Albashinta yana nan, ko motsawa.
Wake ya tashi, man gyaɗa ya tashi,
Ƙosaina ya ƙanƙance, yara na tsokana da nunawa.
Manomi, ɗan dako da mai Keke Napep,
Tsadar ce kaɗai ta iso mu wajen rabawa.

Ɗan Ƙwadago:
Inna, dubu 250 muka tsaya a kai,
Har wutar ƙasa muka kashe a Yuni don matsawa.
Yanzu duk shekara 3 za a sake dubawa.

Inna Mai Ƙosai:
Ɗana, baitinka ya gurgunce, saura layi ɗaya. In kun koma teburin, ku tambayo mana kuɗin kwanon wake.