Haɗa tsohuwar na'urar DVR a shagon da babu intanet

Mai shago a Kantin Kwari:
Assalamu alaikum. Yayana ya bar mini tsohuwar na'urar DVR, wato mai adana hotunan kyamarorin tsaro, mai ɗaukar kyamarori 4, ina so in kafa ta a shagona, sai dai ba ni da intanet ko layin tarho na waya. Shin za ta yi aiki haka nan?

Mai gyara daga Farm Centre:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Za ta yi aiki sarai, domin hotunan da kyamarori ke turowa ta kebul a kan faifan ajiya na cikinta take adana su, ba a intanet ba. Ka haɗa ta da talabijin ta kebul ɗin HDMI ko VGA, sannan ka saita kwanan wata da lokaci da hannunka. Idan agogon yana rikicewa duk sanda aka ɗauke wuta, ƙaramin batirin cikinta shi ne ya mutu.

Hajiya daga Gwammaja:
Malam ya yi gaskiya, amma ka haɗa ta da inbata, tunda ba ta ɗaukar komai idan babu wuta, kuma da daddare aka fi buƙatarta.

Mai shago a Kantin Kwari:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan nemo batirin.